Farfelar motar rimot ɗina ta karye sau biyu bayan walda, ina kuskuren yake?

Rimot_Gwale:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar motar rimot. Dan Allah a taimaka min da shawara, abin nan wlh ya kusa sa in nannaɗe motar in jefa saman sif in huta.

Ina da wata motar rimot 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, mai hawa duwatsu, irin na China ɗin nan da aka kwaikwayi tsarin motar rimot ɗin da ake kira SCX10, tsakanin tayar gaba da ta baya 313mm yadda ta zo. To ni kuma ƙwalama ta sa na samo bodin a-kori-kura mai doguwar baya, na ce sai ya hau kanta ko ta halin ƙaƙa, sai na ƙara tsawon sandunan da ke riƙe aksul ɗin baya ta koma wajen 360mm. Komai ya zauna ɗas, bodi ya yi kyau, sai farfelar baya, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ta ce ba da ita aka yi shawarar ba, ko na zaro ta har ƙarshe ba ta kaiwa, ta gaza da kamar 45mm.

Farfelar ta ƙarfe ce, irin mai namiji da mace da ke shigewa cikin juna, kuros (gaɓar da ke lanƙwasa tana juyawa) a kowane kai, ramin 5mm. Ina da guda uku don dama saiti na saya. Abin da na yi, na sa zarton ƙarfe na yanke namijin a wurin da yake zagaye, tsakanin kuros da inda haƙora suka fara, kaurin wurin 6mm. Na samo ƙusa 'yar inci shida na yanko tsakiyarta na tafi wajen mai waldar bakin layinmu, wanda ke yin ƙofa da taga. Da ya ga abin ya yi ta dariya har da kiran yaransa su zo su ga babba da wasan yara, ni dai na daure. Ya riƙe da filaya ya ɗiga mata wuta da sandar geji 12, ta fito da wani dunƙule kamar an manna cingam, ya sa giranda ya goge.

Na dawo gida na ɗaura. Ina danna rimot motar ta kama karkarwa kamar mai masassara, bayan na tsalle, wata ƙara gir-gir-gir. Na ce bari dai in gwada, ban yi minti biyar a kan tulin bulo na bayan gida ba sai ji na yi ƙas. Kuma ba a kan waldar ta karye ba, a gefenta ne, fuskar karayar na ƙyalli da 'yan ƙwayoyi kamar sukari.

Na koma da ta biyu na ce ya ƙara wuta sosai ta kama. Wannan karon ba ta karye nan take ba amma kuros ɗin ya yi shuɗi ya sandare, da ƙyar yake lanƙwasa, kwana biyu fil ɗin ciki ya gutsure.

Yanzu saura ɗaya tal a hannuna, in na yi oda kuma sai an yi makonni ana jira ga kuɗin kawowa ya fi kuɗin kayan, kuma ban ma ga mai tsawon da nake so daidai ba. Shin waldar lantarki na iya wannan aikin kuwa ko ni ne nake ɓata lokaci? wane ƙarfe ya kamata in ƙara? sannan karkarwar nan daga ina take? Na gode.

Oga_Panteka:

Wa alaikumus salam. Ƙanena tun kafin in gama karanta bayaninka na san inda za ta karye. Kuma kar ka ga laifin mai waldar sosai, aikin da ka kai masa ba na injinsa ba ne. Sandar geji 12 kaurinta 2.5mm ne, sanda mai lamba 6013 mai wannan kauri kuwa tana son wuta wajen amp 60 zuwa 90 kafin ta ci da kyau, kai kuma ƙarfen da ka kawo 6mm ne gaba ɗayansa, kaga sandar kaɗai ta kusa rabin abin da za a liƙa. Ka ɗauko taɓarya za ka daka ƙwayar gero ɗaya. Ga shi yawancin injinan unguwa naɗin hannu ne, babu wata lamba da za ka murɗa ka sauke wuta daidai yadda kake so.

Walda in tana hucewa tsukewa take yi, sai ta jawo ƙarfen zuwa ɓangaren da aka fara ɗiga ta. Ko ƙofa muke haɗawa sai mun ɗaure ta mun rinƙa ɗiga nan mu tsallaka can, in ba haka ba ta fito a murɗe, to balle sandar 6mm da aka riƙe da filaya a iska. A ido za ka ga kamar ta miƙe, amma ɗora ta kan gilashin tebur ko madubi ka gangara ta da yatsa, za ka ga kanta na ɗagawa yana sauka.

Batun sukarin da ka gani kuwa, shi ne ainihin labarin. Ƙarfen farfelarka mai tauri ne, akwai kabon a jikinsa da ɗan yawa, ƙusa kuma ƙarfe ne mai laushi. Wuta ta gasa gefen waldar ya yi jawur, sannan ya huce da sauri, sai wurin ya yi tauri fiye da kima ya zama kamar gilas, ba ya lanƙwasa sai dai ya fashe. Kuma ina da yaƙinin yana gamawa ya tsoma ta a bokitin ruwa don ka samu ka riƙe, ka tuna ka faɗa min. Nan aka gama kashe ta. Kafin ka sa wa kowane ƙarfe wuta ka fara goga masa magagari, in magagarin ya ci ya fitar da gari to mai laushi ne zai karɓi walda, in ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba to an ƙarfafa shi, ka yi hattara.

Ni shawarata ka manta da ƙusa, kuma ka manta da haɗa baki da baki. Je wajen tana, mai injin sassaƙa ƙarfe, ya samo maka rodi mai laushi na 10mm ya yanka 69mm ko 70, ya huda kowane kai da ramin 6mm mai zurfin 12mm. Lissafin: 45 da kake nema a tsakiya, 12 nan 12 can. Sai gutsattsarin farfelarka biyu su shige ciki kamar hannu a riga. Tunda a kan injin aka huda ramukan biyu suna kan layi ɗaya, miƙewa ta zo da kanta ba sai ka yi ta addu'a ba. Kuma abin da ke juyawa ƙarfinsa a fatar waje yake, tsakiyar ba ta ɗaukar kaya sosai, shi ya sa farfelar babbar mota ma bututu ce ba curin ƙarfe ba. Amma ka auna tukuna ka ga 10mm ba zai goga sandunan aksul ba in shoka ta nutse.

Liƙewa kuma ka nemi mai waldar argon, masu yin aikin silba na baranda da matakala suna da ita. Wutar ƙasa-ƙasa, amp 30 zuwa 40 ta isa, ya ɗiga ɗaya a bakin hannun rigar, ya juya ɗaya gefen ya ɗiga, a gangara a gilashi a gani, sannan a ƙara biyu a tsakaninsu. A kwantar da ita cikin kwarin angil ayon a matse da kilam lokacin ɗigawar. A bar ta ta huce da kanta ko a binne ta a busasshen yashi, ban da ruwa.

sadau_rc:

hhhh mallam kusa yar inci shida fa kace? wlh ka burgeni 😂 ni dai gsky na dena wannan wahalar, nayi oda in jira wata daya yafi min in ta yawo wajen masu walda suna min kallon mara aikin yi. akwai masu tsawo daban daban ai, ka auna naka ka nemi wadda zata rufe tsawon. amma dai ka turo mana hoton karayar mu gani, inason ganin sukarin nan

Mai_Firji_Fagge:

Salam. Oga Panteka ya gama magana a kan hannun riga, wannan ban da abin ƙarawa, Allah ya ƙara basira Oga. Inda zan ɗan saɓa shi ne wajen liƙewar. Ni a ganina wannan ba aikin narkar da ƙarfe ba ne sam, aikin azurfa ne. Ni gyaran firji da AC nake yi, kullum da tocin gas a hannuna, kuma na yi wa motar ɗana irin wannan har yau tana nan.

Bambancin shi ne, walda ko ta argon ce sai ta narkar da ƙarfen kansa, wato an haura digiri 1,400. Sandar azurfa mai kashi 55 ko 56 cikin ɗari kuwa tana narkewa tsakanin digiri 620 zuwa 660, ƙarfen bai ma san ana yi ba, ja kawai zai yi kaɗan, azurfar ta zama ruwa ta bi ta cikin 'yar tazarar da ke tsakanin sanda da rami ta cike ko'ina, yadda kananzir ke hawa lagwani. Kaga ba ɗigo huɗu ne ke riƙe ta ba, duk zagayen 12mm ɗin nan ne ya kama. Kuma tunda zafin ya zagaye ko'ina daidai ba ta ja gefe ɗaya.

Amma ga tarkon da nake so ka kiyaye, don in ka zo wajen irinmu ka ce a liƙa maka, tara cikin goma sandar da ke hannunsa zai ɗauko, wato 'yar jar nan da muke haɗa bututun jan ƙarfe da ita. Kar ka yarda. Ita jan ƙarfe ce da fosforas, a kan jan ƙarfe tana aiki ko ba hoda, amma a kan baƙin ƙarfe fosforas ɗin na haɗuwa da shi ya yi wani ɓawo mai gautsi, za ta yi kyau a ido ta ɓalle ranar farko. Ka ce masa sandar azurfa ta gaske kake so mai yawan kashi, wadda ake haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe da ita, da hodarta fara. Tana da tsada amma abin da za ka ci bai kai tsawon yatsa ba. In ba ka samu ba ka leƙa wajen maƙeran fari masu zobe da awarwaro, a Kasuwar Kurmi akwai su, liƙin azurfa sana'arsu ce tun kaka da kakanni kuma hannunsu ya saba da ƙananan abubuwa fiye da namu ma. Dalmar masu gyaran rediyo kuwa kar ma ka fara, tana narkewa ƙasa da digiri 200, ba ta da ƙarfin wannan aikin.

Yadda za ka yi: ka ce wa tana kar ya matse ramin ƙam, sandar ta shiga da hannu ba da guduma ba, tazarar kamar 0.05 zuwa 0.1mm, wato ba ta fi kaurin takardar A4 ɗaya ba. In ta matse azurfa ba ta da hanyar shiga, in ta yi sako-sako kuma ba za ta hau ba kuma sandar za ta karkace. Ya kuma huda wani ɗan mitsitsin rami a gefe daidai ƙasan kowane rami, don iska da hoda su samu mafita, in ba haka ba iskar da ta yi zafi za ta rinƙa turo sandar waje, kuma in ka ga azurfa ta leƙo ta wannan ramin ka san ta cika. Ka goge sandar da sanfefa har ta yi fari tas, in akwai baƙin fenti ko wani shafe a jikinta duk ya fita, ka wanke maiƙo, daga nan kar ka ƙara taɓa wurin da yatsa. Kwaɓa hodar da ruwa kamar man goge baki, shafa ciki da waje, haɗa.

Wutar kuma hannun rigar za ka fi gasawa don shi ne mai kauri, ba sandar azurfar ba. Ka yi a inuwa don ka ga launi. Hodar za ta fara kumfa, ta bushe ta yi fari, can sai ta narke ta zama kamar ruwan gilas, ƙarfen ya yi ja mai duhu irin na garwashin da ya fara mutuwa, to lokacin ne, taɓa azurfar a bakin haɗin za ka ga ta ɓace ciki zuuu. In ka ga ƙarfe ya yi jawur kamar lemo ka wuce wuri, hodar ta ƙone, sai an sake gogewa.

Kuros ɗin da ya yi maka shuɗi kuma, shuɗi na nufin ya kai wajen digiri 300, taurin da kamfani ya ba fil ɗin ya tafi, giris ya ƙone ya zama gawayi shi ya sa ya sandare. In kuros ɗinka mai kwancewa ne ka cire fil da ƙwallon tsakiya da duk wani sukuru ka ajiye a murfin kwalba kafin wuta ta zo. In ba ya kwancewa ka naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda muke yi wa bawul ɗin AC, kuma ka yanke sandar nesa da shi iya yadda za ka iya.

Injiniya_Samaru:

Manya sun yi bayanin wuta, ni bari in taɓa karkarwar don ina zargin ba lanƙwasa kaɗai ba ce.

Malam Rimot kafin ka yanke sandar ka ja layi a jikinta daga wannan kai zuwa wancan? In ba ka ja ba to kusan tabbas ka haɗa ta a murɗe. Kuros guda ɗaya in yana aiki a karkace ba ya ba da juyi daidai, ko da giyabos na juyawa da gudu ɗaya, abin da ke fita ta ɗaya gefen sai ya yi sauri ya rage, ya yi sauri ya rage, sau biyu a kowane zagaye. Yawan abin ya danganta da kusurwar. A digiri 10 bambancin kamar kashi 1.5 cikin ɗari ne sama da ƙasa, ba za ka ji ba. A digiri 20 ya kai wajen kashi 6. A digiri 30, wanda motocin hawa dutse ke kaiwa cikin sauƙi in aksul ya sauka, ya kai wajen kashi 15 sama, 13 ƙasa. Dalilin da ya sa ake sa kuros biyu kenan, na biyun ya warware abin da na farkon ya ƙulla. Amma ba zai warware ba sai kunnuwan nan biyu da ke manne da sandar tsakiya, na wannan kai da na wancan, suna kallon ɓangare ɗaya. Ka kwantar da farfelar a tebur, in kunnuwan wannan kai na kwance na wancan ma su kasance a kwance. In ɗaya na kwance ɗaya na tsaye, maimakon su soke juna sai su haɗu su ninka matsalar, taya na fizga, haƙoran giya na dukan juna, ita ce gir-gir ɗin da ka ji. Bakanikan manyan motoci sun san wannan, shi ya sa suke sa alama da fenti kafin su zare farfela.

Kuma ka lura ko an yi walda daidai kana iya ɓata shi wajen zura namijin cikin macen, in haƙori ɗaya ya goce shi kenan. Ka sa ɗigon jan farce a duka biyun.

Sannan ga saurin da take juyawa don ka san iya miƙewar da kake buƙata. In giyarka irin ta SCX10 ta farko ce, ƙaramar giya haƙori 20 babba 87, cikin giyabos kuma 2.6, ka haɗa ya ba ka kamar 11.3. A ce moto na juyi 15,000 a minti, farfela na yin wajen 1,300. Wannan da ɗan sauƙi, 'yar lanƙwasa kaɗan za ta wuce. Amma ranar da ka sa moto burashles 3300kv, wato juyi 3,300 a minti kan kowane bolt, a kan batir 3S mai bolt 11.1, lissafi ya haura 36,000, farfela ta wuce 3,000, kuma ƙarfin jijjiga ba ninki biyu da rabi zai ƙaru ba, yana tafiya ne da saurin sau kansa, wato wajen ninki shida. Abin da ka raina a da shi zai cinye maka boris na giyabos.

Na ƙarshe, 45mm ɗin nan a ina ka auna shi? motar na zaune a tebur? Cire shokokin baya, danna aksul sama har ƙarshe ka auna daga sandar giyabos zuwa ta aksul, sake shi ya sauka har ƙasa ka sake aunawa, ka kuma murɗa shi taya ɗaya sama ɗaya ƙasa. Inda ya fi gajarta ya zama farfela na da sauran 3 ko 4mm kafin ta tokare, inda ya fi tsawo kuma namijin na da aƙalla 10 zuwa 12mm a ciki. In ta tokare duk nauyin motar a kan kuros da haɗin zai sauka, ko waldar wa aka yi sai ta karye. Abu ɗaya mai daɗi dai, ƙara tsawon da ka yi ya rage kusurwar baya, wannan riba ce.

Oga_Panteka:

Mai Firji na yarda, a wannan girman azurfa ta fi, musamman tunda ƙarfen nasa mai tauri ne. Ni abin da ya sa na ce argon, samun azurfa ta gaske ne wahala, sau nawa ana sayar wa mutum farar sanda a ce azurfa ce ka sa wuta ta ƙi gudu. In ta gagara akwai tagulla wajen masu fanal bita da waldar kabaid, tana kamawa sosai, sai dai ita sai an kai wajen digiri 900, to lallai a cire kuros.

Wani abu da na manta, ƙanena sa mayen ƙarfe a jikin kunnuwan kafin komai. Ba duk abin da aka rubuta ƙarfe a kwalinsa ne baƙin ƙarfe ba, wasu masu araha zubin zink ne, irin na hannun ƙofa da kabireta, bai kai digiri 400 ba yake narkewa, kana gasa sanda sai ka ga kunne ya zube kamar kitse. In maye bai kama ba kar wuta ta je kusa. Kuma kar a yi hannun rigar da bututun ruwa mai farin shafe, hayaƙin zink ɗin na sa zazzaɓi da ciwon kai, mu da muka shaƙa mun sani. A yi a fili inda iska ke wucewa.

Baban_Yara:

Ni tsoho ne a cikinku, tawa tambayar daban ce. Idan kun gama yin farfelar da ba ta karyewa, me zai karye a madadinta? Don fa in taya ta maƙale tsakanin duwatsu biyu yaro kuma ya danne rimot, dole wani abu ya ba da kai. Farfelar roba da motocin nan ke zuwa da ita mutane na raina ta, amma ita ce mai arahar cikin gidan, ta murɗe ka canza a minti biyu. Ni da na sa ta ƙarfe gaba da baya murna ta ba ta yi sati ba finiyon, ƙaramar giyar cikin aksul, ya zubar da haƙora uku, sai da na kwance aksul ɗin gaba ɗaya ina tsintar gutsattsari cikin giris da tsinken sakace. Don haka ɗana in motarka na da kulocin zamewa a jikin babbar giya, ka ɗan sassauta notinsa, yadda in ka riƙe tayoyi huɗun ka ba ta wuta zai zame kafin wani abu ya fashe.

Sannan tunda za a yi hannun riga, akwai hanyar da ba wuta sam. A zura sandar, a huda ramin 2mm ya ratsa riga da sanda gaba ɗaya, a buga fil, a sa gam ɗin Loctite 638 a ciki kafin a zura, shi dama don riƙe sanda cikin rami aka yi shi. Matsalar kawai in sandar mai tauri ce bakin dirila ba zai ci ba. In haka ne a goge mata gefe ɗaya da giranda ya yi fili, a yi wa rigar zare a ɗaure da sukurun M4 marar kai guda biyu da shuɗin Loctite mai hana sukuru kwancewa. Bai kai azurfa ƙarfi ba amma gobe in ka canza bodi ka kwance abinka.

Rimot_Gwale:

Jama'a Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Ku yi haƙuri na yi shiru, sai jiya na gama.

Oga Panteka wlh kamar kana wurin, a bokitin ruwan da suke wanke hannu ya tsoma ta har ta yi cuuu, ni kuma ina ta godiya 😅 Injiniya kai ma ka canka, na ɗauko ta biyun da ta mutu na kwantar a tebur, kunnuwan sun goce da kusan rabin kusurwa, ban ja layin komai ba. Da na cire shoka na auna kuma ashe 42mm nake buƙata ba 45 ba, da na yi 45 da ta tokare in an danna baya.

Maye ya kama kunnuwan alhamdulillah, magagari kuma ya ɗan ci sandar amma da ƙyar. Na je Ƙofar Ruwa na samu rodin, tana ya yi min 66mm, sai da ya ɓata ɗaya don ramin farko ya yi faɗi sandar na rawa a ciki, na biyun ya zauna. Wani mai gyaran AC ya liƙa min, kuma kamar yadda Mai Firji ya faɗa jar sandar ya fara ɗaukowa, da na ce a'a ya kalle ni ya ce wa ya gaya maka, sannan ya shiga ciki ya fito da wata 'yar guntuwa a naɗe a takarda. Gefe ɗaya azurfa ta leƙo ta ɗan ramin kamar ƙwayar gero, ɗaya gefen ba ta leƙo ba, ya ce ta shiga, ni dai zuciyata ba ta kwanta da shi ba amma na bari. Kuros na kwance shi tun a gida, fil ɗin ya so ɓata a tsakar gida sai da ƙanwata ta tsinto shi da tsintsiya.

A gilashi tana gangarawa lafiya, akwai ɗan ɗagawa kaɗan da takarda ɗaya ke iya shiga ƙarƙashi. Na ɗaura na cinye batir biyu a kan bulon nan da ya karya na farko, babu karkarwa, ƙarar ma ta ɓace. Kulocin Baba na sassauta kwatan zagaye.

Saura abu ɗaya, sukurun da ke riƙe ta a sandar aksul yana kwancewa duk bayan kamar minti goma duk da na sa shuɗin Loctite. Ko don na cika wa kuros giris ne ya gangaro cikin zaren? sadau hoton na nan zuwa in an kawo wuta na yi caji.